Yadda Ake Bin Kadin Waya Idan Gyaran Garanti Ya Ja Lokaci Kuma Kamfani Ya Yi Shiru

Tambaya ɗaya ce masu karatu suke ta maimaita mini a 'yan watannin nan, kowa da irin yadda yake faɗar ta. Mutum ya sayi waya sabuwa, ta samu matsala tun garantinta bai ƙare ba, ya kai ta gyara aka ce ya dawo bayan mako ɗaya ko biyu, sai ga shi wata ya wuce, na biyu ya kama, ba waya ba labari, in ya kira a ce masa ana kan aiki, in ya aika saƙo a yi masa shiru. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne matakan da ya kamata a bi ɗaya bayan ɗaya, tun daga kafin waya ta bar hannunka har zuwa ranar da za ta dawo. Wanda wayarsa ta riga ta maƙale a wurin gyara yana iya fara aiki daga mataki na biyar, amma ina ba shi shawarar ya karanta na farkon ma, domin wasu takardun da aka ambata a can har yanzu zai iya nemo su. A ganina, yawancin rigimar gyaran garanti ana cin ta ne ko a faɗi tun ranar da aka miƙa waya, gwargwadon abin da aka rubuta a ranar.

Mataki na 1: Tabbatar da cewa garantin yana aiki

Ka fara da lambar IMEI, wato lambar shaida mai alƙaluma 15 da kowace waya take da ita. Idan wayar tana kunnuwa, ka danna *#06# a wurin buga kira, lambar za ta fito nan take. Idan ba ta kunnuwa, ka duba jikin kwalinta ko rasidin saye. Waya mai layi biyu tana da IMEI biyu, ka rubuta duka biyun a takarda, ba a cikin wayar da za a kai gyara ba. Da wannan lambar, ko da lambar siriyal, ake duba matsayin garanti a shafin kamfanin da ya ƙera wayar. Yawancin kamfanoni suna bayar da watanni 12 daga ranar saye, wasu kuma suna kaiwa 24 a wasu ƙasashe, kuma galibi wa'adin caja da abin sauraro na kunne ya fi na wayar kanta gajarta.

Sai rasidi. Ka nemo shi, ka ɗauki hotonsa, ka tabbatar da ranar saye da sunan mai sayarwa suna karantuwa. Rasidin da na'urar kanti ke bugawa a farar takarda mai santsi yana dusashewa cikin 'yan watanni, saboda haka hoton ya fi asalin daɗewa.

Gargaɗi: wayar da aka saya a wata ƙasa aka shigo da ita wata, sau da yawa garantinta bai wuce ƙasar ko yankin da aka sayar da ita ba. Ka tambayi wannan tun kafin ka miƙa ta, domin akwai wayoyin da suke kwana makonni a cibiyar gyara, daga baya a dawo da su ba a taɓa ba, a ce ba na yankin ba ne.

Gargaɗi na biyu: garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi, faɗuwa, ko shigar ruwa, ko da kuwa an tallata wayar da cewa tana jure ruwa. Akwai wata 'yar alama fara a cikin wayoyi da yawa, galibi a ramin da ake sa layi, wadda take komawa ja idan ruwa ya taɓa ta. Ka zare mariƙin layin, ka haska ramin da tocila, ka ɗauki hoton alamar tana fara kafin ka ba kowa wayar.

Mataki na 2: Kwashe bayanai da shirya wayar

Ka ɗauka cewa duk abin da ke cikin wayar ba zai dawo ba. Masu gyara sukan goge waya yayin bincike, idan kuma aka canza injinta, ma'ajiyar bayanai tana tafiya tare da tsohon injin. Ka kwafe hotuna da takardu zuwa kwamfuta ko ma'ajiyar intanet, ka ajiye hirarrakin WhatsApp a Google Drive ko iCloud, sannan ka buɗe ka tabbatar da ajiyar ta kammala da kwanan watan ranar, kada ka tsaya ga zaton cewa tana yin kanta.

Abin da aka fi mantawa shi ne manhajojin da ke samar da lambobin tabbatar da shiga, da manhajojin banki da aka ɗaure da wayar. Wanda ya miƙa wayarsa bai mayar da waɗannan wata na'ura ba, zai wayi gari ya kasa shiga imel ɗinsa, alhali ta imel ɗin ne cibiyar gyara za ta aiko masa da saƙo. Ka mayar da su wayar da za ka riƙe na wucin gadi, ka gwada shiga ka ga ya yi, sannan ka ci gaba. Ka cire layi da katin ajiya da rigar waya. Idan layinka eSIM ne, wato layin da ke cikin wayar ba kati ba, ka tuntuɓi kamfanin sadarwarka a mayar maka da shi tun wayar tana hannunka.

Sai batun kulle. A iPhone, cibiyar gyara ba ta iya yin wasu ayyuka muddin Find My, wato tsarin gano inda waya take idan ta ɓace, yana kunne, kuma tun daga iOS 17.5 na shekarar 2024 an ƙara wani yanayi na gyara da ke ba ka damar miƙa wayar ba tare da ka kashe shi gaba ɗaya ba. Idan ka kunna kariyar hana ɓarawo amfani da waya, kashe Find My a wurin da wayar ba ta saba ba yana buƙatar jiran awa ɗaya, don haka ka yi wannan a gida. A Android, idan aka goge waya alhali asusun Google yana ciki, za ta nemi kalmar sirrin asusun kafin ta buɗe, shi ya sa ya fi kyau ka cire asusun da kanka kafin gogewa. Wayoyin Samsung na zamani suna da Maintenance mode, na Pixel suna da Repair mode, kuma duka biyun suna ɓoye hotunanka da saƙonninka su bar wa mai gyara abin da yake buƙata don gwaji.

Gargaɗi: wayar da ta isa cibiya a kulle ana ajiye ta gefe ne har sai an samu mai ita, kuma ba kowace cibiya ce take wahalar da kanta wajen nemansa ba. Wannan kaɗai yana iya cin mako biyu ko uku.

Mataki na 3: Zaɓar hanyar da za a bi

Hanyoyi uku ne: ta wurin wanda ya sayar maka, ta cibiyar gyara da kamfani ya amince da ita, ko ta aikawa a akwati. Duk hannun da aka ƙara tsakaninka da mai gyara ƙarin kwanaki ne da ƙarin wurin da labari zai ɓace. Idan akwai cibiyar da kamfani ya amince da ita kusa da kai, ka kai da kanka, bayan ka tabbatar da sunanta yana cikin jerin da ke shafin kamfanin, domin allon da aka kafa a ƙofa ba shaida ba ne. Sai dai a ƙasashe da yawa doka ta ɗora alhakin kaya masu aibi a kan mai sayarwa ne, ba a kan wanda ya ƙera ba, saboda haka ko ka wuce cibiya kai tsaye, ka sanar da mai sayarwa a rubuce cewa wayar ta samu matsala a rana kaza. Za ka ga amfanin wannan saƙon a mataki na bakwai.

Gargaɗi: kada ka bari wani mai gyara na waje ya buɗe wayar "don ya duba kawai". Ƙusar da aka kwance da mannin da aka ɓalle suna barin alama, kuma hujja ce da ake yawan kafawa wajen ƙin karɓar gyaran garanti.

Mataki na 4: Ranar miƙa waya

A nan zan ɗan daɗe, domin wannan ce ranar da kake da iko fiye da kowace rana. Da zarar wayar ta tsallake teburin karɓa, duk abin da ya rage a hannunka shi ne takarda.

Kafin ka miƙa, ka ɗauki hoton wayar ta gaba da baya da gefuna huɗu a wuri mai haske, sannan ka ɗauki ɗan bidiyo da ke nuna matsalar tana faruwa. Wannan ya fi muhimmanci ga matsalar da ke zuwa tana tafiya, kamar waya mai mutuwa da kanta ko fuskar da ke daina jin taɓawa lokaci-lokaci, domin mai gyara yana iya kunna ta na minti goma ya ga tana aiki, ya rubuta cewa ba a samu matsala ba, a dawo maka da ita bayan makonni yadda ka kai ta.

Za a ba ka takardar karɓa. Ka karanta ta a tsaye a wurin kafin ka sa hannu, ko da akwai layin mutane a bayanka. Ka duba cewa tana ɗauke da lambar aiki, da IMEI daidai da naka alƙalami bayan alƙalami, da bayanin matsalar yadda ka faɗe ta, da yanayin jikin wayar, da jerin duk abin da ka miƙa tare da ita, da lambar wayar da za a same ka da ita yanzu. Wannan na ƙarshen yana kama da ƙaramin abu, amma mutane da yawa suna bayar da lambar layin da suka cire suka ajiye a aljihun tebur, cibiya ta yi ta aika saƙo ba mai gani. Idan ma'aikaci ya rubuta "akwai ƙarce-ƙarce" alhali babu, ko ya rubuta "ba ta caji" alhali ka ce tana zafi ta mutu, ka nemi a gyara rubutun a gabanka.

Sannan ka yi tambayoyi huɗu, ka nemi a rubuta amsoshinsu a jikin takardar ko a aiko maka ta imel. A ina za a yi gyaran, a nan ne ko za a tura wani gari? Wace rana ce ake sa ran gamawa? Idan aka ga matsalar ba ta cikin garanti, akwai kuɗin bincike, kuma za a nemi izinina kafin a yi aikin da zan biya? Idan ranar ta wuce, wa zan tuntuɓa kuma ta wace hanya? Ka ƙara da tambayar ko suna bayar da wayar aro, domin wasu cibiyoyin suna da ita amma ba sa ambata sai an tambaya.

Gargaɗi: kada ka karɓi "nan ba da jimawa ba" ko "za mu kira ka" a matsayin wa'adi. Ka nemi kwanan wata, kuma ka tambaya ko ranakun aiki ake nufi, domin kwanakin aiki 14 kusan mako uku ne. Kada kuma ka bar asalin rasidinka a wurinsu, kwafi ya isa.

Idan aikawa za ka yi, ka ɗauki hoton wayar a cikin akwatin kafin ka rufe, ka yi amfani da takardar aike da kamfanin ya ba ka idan akwai, ka riƙe lambar bibiya da shaidar cewa an karɓa. Batirin waya na litiyam ne, kuma masu jigila suna da ƙa'idoji a kansa, musamman idan ya kumbura, don haka ka faɗa wa kamfanin halin da batirin yake ciki kafin ka tura.

Mataki na 5: Buɗe littafin bibiya

Ka samu takarda ɗaya ko fayil ɗaya, ka riƙa rubuta duk wata tuntuɓa: rana, lokaci, hanyar da ka bi, sunan wanda ya amsa, abin da ya ce, da abin da ya yi alkawari. Idan hira ce ta shafin kamfani, ka ɗauki hotonta kafin ka rufe, domin wasu suna ɓacewa da zarar an fita. Idan kira ne, bayan ka ajiye waya ka aika ɗan gajeren imel da ke cewa yau an shaida maka kaza, an kuma yi alkawarin kaza a rana kaza, idan ba haka ba ne a gyara maka. Ta haka maganar baki take komawa rubutu.

Yana da kyau ka san yadda aikin yake tafiya a ciki, domin hakan ne zai nuna maka irin tambayar da za ka yi. Wayar da aka miƙa tana bi ta hannaye da dama: wurin karɓa, mai jigila, cibiyar gyara wadda sau da yawa kamfani ne dabam da aka ba kwangila, sashen da ke amincewa da biyan kuɗin garanti, rumbun kayan gyara, sai masu gwaji na ƙarshe. Wanda yake amsa kiranka ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu. Layi ɗaya yake gani a kwamfutarsa, mai cewa "ana gyara", kuma wannan layin yana iya zama haka ko wayar tana kan teburin mai gyara, ko tana ajiye a gefe tana jiran wani ɓangare da ba a riga an yi odarsa ba. Saboda haka idan ka tambaye shi "ina labarin wayata", zai karanta maka layin ne, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Tambayoyin da ke fitar da labari su ne masu buƙatar amsa guda. Shin an kammala bincike, kuma me aka gano? Wane ɓangare ake jira? Wace rana aka yi odarsa, kuma yaushe ake sa ran isowarsa? An amince da gyaran a ƙarƙashin garanti ko har yanzu ana jiran amincewa? Akwai wani abu da ake jira daga wurina? Wannan ta ƙarshen ka riƙa yin ta kowane lokaci, ka kuma riƙa duba akwatin saƙonnin banza na imel ɗinka, domin takardar neman amincewarka da kuɗin gyara takan faɗa can, kuma aiki yana tsayawa cak har sai ka amsa.

Gargaɗi: kada ka bari a buɗe maka sabuwar lambar ƙorafi a duk kiran da ka yi. Ka fara kowace magana da lambar aikin farko, ka nemi a haɗa komai a ƙarƙashinta, in ba haka ba tarihin jiranka zai warwatse, kowane sabon ma'aikaci ya ɗauka jiya ka fara. Kiran kullum ma ba ya ƙara sauri. Sau ɗaya a mako kafin wa'adi ya cika ya wadatar, bayan cikarsa kuma kowane kwana biyu ko uku. Kada kuma ka sauke fushinka a kan mai amsa waya, domin shi ne zai rubuta bayanin da na sama za su karanta, kuma ba shi ya riƙe wayarka ba.

Mataki na 6: Idan wa'adi ya wuce

Washegarin ranar da aka yi alkawari, ka kira ka nemi sabuwar rana da dalilin jinkiri, a rubuce. Jinkiri na farko yana iya zama da uzuri na gaskiya. Idan ranar ta biyu ma ta wuce, ka nemi a ɗaga maganar zuwa ga shugaban sashe ko sashen ƙorafe-ƙorafe, ka karɓi sunan wanda zai riƙe maganar da ranar da zai tuntuɓe ka. Idan cibiyar 'yan kwangila ce ta yi shiru, ka koma wurin kamfanin da ya ƙera wayar da lambar aikin, domin shi ne ya ba su izini kuma yana da hanyar matsa musu da kai ba ka da ita.

Daga nan sai wasiƙar ƙorafi. Ka rubuta ta da harshen da kamfanin yake aiki da shi, kada ta wuce shafi ɗaya, kuma ma'anarta ta kasance kamar haka:

"Zuwa ga Shugaban Sashen Kula da Abokan Ciniki. Na miƙa wayata ƙirar kaza, mai IMEI kaza, a ranar kaza, ƙarƙashin lambar aiki kaza. An yi mini alkawarin kammala gyara a ranar kaza, aka ɗaga zuwa ranar kaza, kuma har yau ba a dawo mini da ita ba. Na tuntuɓe ku a ranakun da na jera a ƙasa. Ina neman a dawo mini da wayar a gyare cikin kwana 14 daga yau, idan kuma hakan ba zai yiwu ba, a ba ni madadinta ko a mayar mini da kuɗina. Idan wa'adin ya cika ban samu ɗaya daga cikin waɗannan ba, zan kai maganar hukumar kare haƙƙin masu saye. Na haɗa da kwafin rasidi da takardar karɓa."

Ka lura babu zagi a cikinta, babu labarin wahalar da ka sha, babu barazanar da ba za ka iya cikawa ba. Ranaku ne, da buƙata guda, da wa'adi. Ka aika wa cibiyar gyara da kamfanin da mai sayarwa a lokaci ɗaya, kowa yana ganin sunan ɗan'uwansa a saƙon.

Game da kai ƙorafi shafukan sada zumunta, yana aiki a wasu lokuta, domin masu kula da waɗannan shafukan sashe ne dabam kuma suna son rufe magana da wuri. Amma ka faɗi abin da ya faru kawai ba ƙari, kada ka wallafa IMEI ko lambar wayarka ko hoton takardar karɓa, kuma ka yi hattara da asusun bogi masu ɗauke da tambarin kamfani da ke bin masu ƙorafi suna neman kalmar sirri ko kuɗin "gaggauta aiki".

Mataki na 7: Sanin abin da doka ta ba ka

Garantin kamfani alkawari ne da ya ɗaukar wa kansa, kuma sharuɗɗansa ba kasafai suke ƙayyade kwanakin gyara ba. Dokar ƙasa kuwa abu ce dabam da ke tafiya tare da shi, kuma garanti ba ya soke ta. Ƙasashe sun bambanta sosai a nan. A Brazil, dokar kare masu saye ta 1990 ta ba da kwana 30 a gyara kaya masu aibi, idan ba a yi ba mai saye ne zai zaɓa tsakanin canji, mayar da kuɗi, ko ragin farashi. A Birtaniya, dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ce dole a yi gyara cikin lokacin da ya dace ba tare da takura wa mai kaya sosai ba, kuma idan aka gyara sau ɗaya matsalar ba ta tafi ba, yana da damar mayar da kayan ko neman ragi. A Tarayyar Turai mai sayarwa yana ɗauke da alhakin aibin kaya na aƙalla shekara biyu, kuma wayoyin da aka fitar kasuwa daga 20 ga Yunin 2025 dole masu ƙera su su samar da muhimman kayan gyara cikin kwanakin aiki 5 zuwa 10, har tsawon shekara bakwai bayan an daina sayar da ƙirar. A Najeriya hukumar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ce ke karɓar irin wannan ƙorafi, ƙarƙashin dokar gasa da kare masu saye ta 2018.

Ka nemi dokar ƙasar da ka sayi wayar, ka karanta sashen da ya shafi kaya masu aibi, ka ambace shi a wasiƙarka idan ka tabbatar da shi. Idan wa'adin wasiƙar ya cika ba amsa, ka shigar da ƙorafi a hukumar, tare da littafin bibiyarka da duk takardun. Idan da katin banki ka biya, ka tambayi bankinka ko akwai damar ƙalubalantar biyan, kuma ka yi da wuri domin wa'adinsa gajere ne. Kotun ƙananan ƙararraki ita ce ta ƙarshe, inda take akwai, sai dai ka auna kuɗin shigar da ƙara da lokacinka da darajar wayar kafin ka shiga.

Mataki na 8: Idan aka ce sai ka biya, ko aka yi maka tayi

Yana faruwa bayan dogon jira a kira ka a ce an ga alamar ruwa ko lanƙwasa, don haka gyaran ya fita daga garanti. Kada ka amsa e ko a'a a waya. Ka nemi rahoton mai gyara a rubuce tare da hotuna, ka kwatanta da hotunanka da abin da aka rubuta a takardar karɓa. Idan takardar ta ce jikin wayar lafiya yake ranar da aka karɓe ta, to duk fashewar da ta bayyana daga baya ta faru ne a hannunsu ko a hannun mai jigilarsu. Idan kuwa rahoton gaskiya ne, ka nemi jimillar kuɗin a fayyace, kayan gyara dabam, ladan aiki dabam, kuɗin bincike da na aike dabam, ka kwatanta da darajar wayar a kasuwa yanzu, ba farashin da ka saye ta ba. Idan ka ƙi gyaran, ka karɓi wayarka da wuri, domin wasu cibiyoyin suna cajin kuɗin ajiya, wasu kuma sharuɗɗansu sun ba su damar ɗaukar wayar da ba a zo karɓa ba bayan wani lokaci a matsayin wadda aka yi watsi da ita.

Idan madadi aka yi maka tayi, ka tambaya ko sabuwa ce ko wadda aka sabunta, domin sharuɗɗan kamfanoni da yawa sun ba su damar bayar da kowace. Ka tabbatar da girman ma'ajiyarta bai gaza na taka ba, ka kuma ji tsawon garantinta. Idan kuɗi ne, ka tambaya ko tsabarsu za a mayar ko takardar sayayya a shagonsu za a ba ka. Kada ka sa hannu a kan takardar da ke cewa an warware magana kafin madadin ko kuɗin ya shigo hannunka.

Mataki na 9: Ranar karɓa

Ka je da layinka da cajarka, ka gwada wayar a wurin kafin ka sa hannu. Ka fara da ainihin matsalar da ta kai ta gyara, sannan ka bi sauran: kira da jin magana, lasifika, kyamarar gaba da ta baya, caji, na'urar karanta yatsa ko fuska, da taɓa kowace kusurwa ta gilashin. Ka duba gefuna ko murfin ya zauna daidai. Ka sake danna *#06#. Idan an canza injin wayar ko an ba ka wata, IMEI zai canza, kuma dole ka karɓi takardar da ke nuna tsohuwar lambar da sabuwar, domin ba tare da ita ba rasidinka zai daina dacewa da wayar da ke hannunka.

Ka karɓi rahoton gyara mai nuna abin da aka canza da ranar da aka gama. Ka tambayi garantin gyaran kansa: Apple, alal misali, yana bayar da kwana 90 ko abin da ya rage na garantin asali, duk wanda ya fi tsawo, wasu kamfanonin kuma suna da nasu tsarin. Ka kuma nemi a ƙara maka kwanakin da wayar ta yi a hannunsu a kan wa'adin garantinka, a rubuce, domin wasu dokoki da wasu kamfanoni sun yarda da hakan amma ba kasafai ake yi ba sai an nema. Idan matsalar ta dawo, ka koma da tsohuwar lambar aiki da rahoton gyaran, ka nemi a rubuta ta a matsayin maimaicin matsala, domin wannan ne yake buɗe ƙofar neman canji ko mayar da kuɗi maimakon zagaye na biyu na jira.